Begen Tsofaffin Kwamfutoci da Gem a Abuja: Darasi ga Ɗalibin Harshe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zaga shagunan kayan waya da kwamfuta na Banex Plaza da ke Wuse 2, ko ya leƙa Kasuwar Wuse a 'yan shekarun nan, zai iya cin karo da wata 'yar na'ura da ba ta cika tafin hannu ba, ana sayar da ita tare da hannun gem guda biyu marasa waya. Soka ta ake yi a bayan talabijin, sai ga dubban wasannin da aka yi yayi a shekarun 1980 da 1990 sun bayyana. Abin da ya ja hankalina shi ne masu sayenta. Da yawansu magidanta ne da suka haura shekara 35, su ce wa yara za su kai, alhali kowa ya san wanda zai raba dare yana bugawa.

Wannan maƙala za ta dubi wannan bege na tsofaffin na'urori ta fuskar harshe. Zan fara da ma'anar begen kansa, sannan in kawo taƙaitaccen tarihin na'urorin da yadda suka iso Abuja, in bi da kalmomin da Hausa ta samar a kansu, da matsalar haruffa masu ƙugiya. Abin da nake son mai karatu ya fita da shi ɗaya ne: kamfanonin ƙasashen waje sun dawo mana da na'urorin, amma kalmomin da muka raɗa musu da rubuce-rubucen da muka yi da su, babu mai adana mana su sai mu ɗaliban Hausa.

2.0 Bege, Kewa da Marmari

Turawa suna kiran wannan yanayi nostaljiya. Wani ɗalibin likitanci a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, mai suna Johannes Hofer, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1688 daga kalmomin Girkanci guda biyu, ɗaya na nufin komawa gida, ɗaya na nufin ciwo. A lokacin cuta aka ɗauke ta, irin wadda ke kama wanda ya daɗe a baƙon wuri. Daga baya ne ma'anarta ta faɗaɗa ta koma son zamanin da ya wuce.

A Hausa muna da kalmomi uku da ke kusa da wannan ma'ana, kuma ya kamata ɗalibi ya iya bambance su. Kewa ita ce jin giɓin wanda aka saba da shi, kamar a ce gida ya yi kewar amarya. Marmari yana tafiya ne da abin da aka daɗe ba a ɗanɗana ba, kuma da zarar an samu ya gushe, shi ya sa ake cewa kayan marmari. Bege kuwa ya fi su zurfi, domin ya haɗa so da ambato da yabo, kuma samun abin ba ya kashe shi. Wannan ne ya sa adabinmu ya keɓe kalmar ga waƙoƙin begen Annabi (SAW). Idan muka auna, mai sayen 'yar na'urar nan da marmari yake farawa, ya buga kwana biyu ya ajiye. Abin da ke hana shi sakewa shi ne kewar abokan da suka buga tare da begen unguwar da ya tashi, kuma waɗannan ba sa cikin kwalin.

3.0 Na'urorin da Ake Bege

Kwamfutocin gida na farko sun yaɗu ne a Turai da Amurka a farkon shekarun 1980. A 1982 kamfanin Sinclair na Ingila ya fito da ZX Spectrum, kamfanin Commodore na Amurka kuma ya fito da Commodore 64, wadda aka sayar da fiye da miliyan 12 daga cikinta. Ba su zuwa da allon kallo nasu, da talabijin ɗin gida ake haɗa su. Ana adana wasa ne a kaset irin na rediyo, sai a kunna rikoda a jira minti huɗu ko biyar tana ƙara kafin wasan ya hau. Babbar Spectrum tana da ƙwaƙwalwa mai kilobayit 48, wato gurbin haruffa 49,152. Wannan maƙala kaɗai za ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na gurbin. Da zarar an kunna irin wannan kwamfuta, harshen ba da umarni mai suna BASIC ne ke tarbar mutum, don haka yaran da suka tashi da ita da yawa suka koyi rubuta manhaja tun suna firamare.

A ɓangaren na'urorin wasa zalla, kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Famicom a 1983, aka kai ta Amurka a 1985 da sunan NES. Sega Mega Drive ta biyo baya a 1988, sai PlayStation ta kamfanin Sony a 1994, da PlayStation 2 a 2000. Wasan jera bulo mai suna Tetris kuwa, Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙiro shi a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, zamanin Tarayyar Sobiyat.

4.0 Yadda Suka Iso Abuja

An ƙirƙiri Yankin Babban Birnin Tarayya a 1976, amma sai ranar 12 ga Disamba, 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tare a Abuja. Daga nan ma'aikata suka yi ta kwararowa da iyalansu daga Legas da Kaduna da sauran jihohi, aka cika Garki da Wuse, waɗanda ba su sami gida a ciki ba suka zauna Nyanya da Karu da Kubwa da Gwagwalada da Suleja. Ke nan lokacin da Abuja ta cika, yayin Spectrum da Commodore ya riga ya wuce a ƙasashensu. Abin da ya shigo gidajen masu ƙaramin ƙarfi shi ne kwaikwayon Famicom da ake ƙerawa a Sin da Taiwan, mai kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wa lambobi barkatai, a ce wasa dubu ɗari tara ne a ciki, alhali bai fi wasa goma ba ake ta maimaitawa. Akwai wani samfurinta da ke zuwa da kibod, ana tallata shi a matsayin kwamfutar koyon karatu. A unguwar da na tashi a Nyanya, wannan ita ce kwamfutar farko da yawancinmu muka taɓa da hannu.

Kwamfuta ta sosai kuwa, mai farin akwati da ƙaton allo, a ofis take, ko a bizines santa irin waɗanda suka cika Area 1 da Area 10 a Garki. A can ne ake buga takardun neman aiki da kundin kammala digiri, da manhajar WordPerfect tukuna, daga baya Microsoft Word, a adana a fulofi mai cin megabayit 1.44. Idan babu kwastoma, mai buga rubutu ya buɗe wasan karta ko Prince of Persia ko Dangerous Dave, yara na leƙe ta taga. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a watan Agustan 2001, ta zo da wasan maciji na Nokia 3310. A wannan tsakani ne kafe-kafen intanet suka yawaita, ana sayen tikitin awa ɗaya ko a biya kuɗin kwana. A 2007 kuma aka yi gwajin shirin ba kowane yaro kwamfuta a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, aka raba wa ɗalibai 'yar kwamfuta mai launin kore da fari da ake kira XO. Waɗannan yara yanzu sun zama iyaye.

Wurin da ya fi muhimmanci ga nazarinmu shi ne gidan gem. Shago ne ƙarami ko zaure, da benci, da talabijin biyu ko uku, da janareta don gudun ɗaukewar wutar NEPA. Yaron Bahaushe da na Gbagyi da na Ibo da na Tibi duk a benci ɗaya suke zama, ana cakuɗa Hausa da Burokin. Dole a faɗi gaskiya cewa iyaye da malamai ba su ƙaunaci wurin ba, kuma suna da hujja, domin an yi fashin makaranta da na Islamiyya saboda shi, an ci canjin cefane, wasu wuraren ma caca ta shiga. Duk da haka, a nan ne aka ƙera kalmomin da za mu duba. Da yawa daga unguwannin da ke da irin waɗannan shaguna, irin su Idu-Karmo, sun tafi a rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, mutanen cikinsu suka watse.

5.0 Kalmomin da Zamanin Ya Haifar

Idan baƙon abu ya zo wa harshe, hanyoyi uku ne ya fi bi wajen ba shi suna: aro, da faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, da ƙirƙira. Dukkansu sun bayyana a nan.

5.1 Aro da Hausantarwa

Hausa ba ta ɗaukar kalmar aro yadda ta same ta, sai ta lanƙwasa ta ta dace da tsarin sautinta. Mu ɗauki kalmar kwamfuta, wadda ta ƙunshi sauye-sauye uku. Na farko, gajeren wasalin o ba ya zama a tsakiyar kalmar Hausa, sai ya koma a, ya bar alamarsa a kan baƙin da ya gabace shi ta hanyar leɓantawa. Haka aka sami kwa a farkon kalmar, kamar yadda aka samu a kwaleji da kwamishina da kwafi. Na biyu, sautin p ya koma f, kamar a fensir da famfo da fasinja. Na uku, ƙarshen kalmar Ingilishi mai er ya koma a, kamar a direba da lebura.

Haka kuma gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, don haka ake saƙala wasali a tsakaninsu. Wannan ne ya ba mu firinta da sikirin da fulofi, bisa tsarin da ya ba kakanninmu burodi da firamare. Kalmomi irin su gem da kaset da kibod kuwa sun nuna cewa Hausar birni ta fara jure wa kalmar aro mai ƙarewa da baƙi, ba tare da ƙara mata wasali ba.

Da kalma ta shigo, sai a ba ta jinsi. Waɗanda suka ƙare da wasalin a sun zama mata: kwamfuta ta lalace, firinta ta ƙi ja, adafta ta yi zafi. Sauran sun zama maza: gem ya ƙare, kaset ya ƙi hawa. Wajen jam'i, kwamfuta ta bi sahun mota, aka sami kwamfutoci da firintoci, inda t ta koma c a gaban wasalin i saboda ganɗantawa. Masu ƙarewa da baƙi kuwa sun fi son ninki, a ce kaset-kaset. Wannan ya nuna cewa ƙa'idojin da muke haddacewa a aji suna raye, har yaron da bai taɓa jin kalmar ganɗantawa ba yana aiki da su daidai.

5.2 Faɗaɗa Ma'ana

Wannan hanya ta fi burge ni, domin a nan ne ake ganin tunanin Bahaushe. Faifai asalinsa abin rufe ƙwarya ne da ake saƙawa da kaba. Siffarsa ta sa aka kira faifan garmaho da shi, daga nan ya wuce kan faifan sidi na PlayStation. Allo na makarantar allo ne, ya koma na aji, ya koma fuskar kwamfuta. Linzami na doki ne, aka ba abin da Bature ya kira ɓera. Bature ya dubi siffar abin da jelarsa, Bahaushe ya dubi aikinsa na juya akala.

A gidan gem, abin da ake riƙewa a sarrafa wasa sunansa hannu. Ana cewa ba ni hannu, ko hannun nan ya mutu, ko wanda aka ci ya ba da hannu. Damar da ɗan wasa ke da ita kafin wasa ya ƙare sunanta rai, sai ka ji yaro ya ce saura raina biyu, ko na ci rai. A wasan Contra akwai wani sirrin danne-danne da ke ba da rai 30, kuma wanda ya san shi ba ya faɗa kyauta. Aikatau ɗin ci ya yi aiki iri-iri: a ci mutum, a ci mataki, a cinye gem gaba ɗaya. Buga ma haka, wadda dama muke amfani da ita ga ƙwallo da waya da ganga, ta karɓi gem ba tare da gardama ba. Sai kuma hura kaset, wato busa iska a bakinsa idan ya ƙi hawa, al'adar da yaran duniya suka yi tarayya a kanta.

Akwai kalmomi biyu da suka shigo gidan gem daga gidan kallo: akta da bos. Masu kallon finafinan Indiya da na Sin sun daɗe suna kiran jarumi akta, babban mugu kuma bos. A Ingilishi kalmar farko tana nufin duk ɗan wasan kwaikwayo, ta biyu kuma maigida a wurin aiki. Hausa ta taƙaita ma'anar kowacce, sannan yaran gem suka same su a shirye suka ɗora wa Mario da dodon da ke jiran sa a ƙarshen mataki.

5.3 Ƙirƙira da Laƙabi

Kafafen yaɗa labarai da masana sun ƙirƙiro na'ura mai ƙwaƙwalwa da yanar gizo da manhaja. Ta farko ta yi tsawo, shi ya sa a baka kwamfuta ta kayar da ita, ta rage sai a labarai da rubutu. Yanar gizo kuwa ta zauna daram domin gajeriya ce kuma hoton da ke cikinta a fili yake. Darasin da ke nan ga mai sha'awar ƙirƙirar kalmomin fannu shi ne, kalma ba ta rayuwa don ingancinta kaɗai, sai ta yi sauƙi a baki.

Yara ma sun yi tasu ƙirƙirar, musamman wajen laƙabi. A benci da na zauna, 'yan wasan Mortal Kombat, wanda ya fito a 1992, duk suna da sunayen Hausa: mai ƙanƙara, da kunama, da mai malafa, da wanda muke kira Burusli saboda kamarsa da jarumin finafinan Sin. Wasan Duck Hunt sunansa harbin agwagwa, Battle City kuma tanka. Tsarin mai da suna, wanda ya ba mu mai goro da mai unguwa, shi ne ya fi yawa. A wasan ƙwallo na Winning Eleven, wanda yawancin faifansa da Japananci yake, yara sun haddace wuraren dannawa ba tare da sun iya karanta harafi ɗaya ba. A cikinsa Tijjani Babangida, ɗan Kaduna da ya buga wa Ajax, ya yi suna da gudu, har sunansa ya zama abin kiran duk yaron da ya fi saura sauri a filin unguwa.

6.0 Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya

Tun shekarun 1930 rubutun boko na Hausa ya karɓi haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Kwamfutocin farko kuwa an gina su ne a kan tsarin ASCII mai alamomi 128, wanda aka tsara domin Ingilishi, babu gurbin ko ɗaya daga cikinsu. A Spectrum akwai wata 'yar kafa, domin tana barin mai ita ya zana alamomi 21 na kansa a kan ɗigo takwas-takwas, don haka mai haƙuri zai iya zana ƙ da hannunsa. A bizines santa kuwa, abin da aka saba shi ne a buga k da d da b, in takarda ta fito a bi da biro ana lanƙwasa musu kai. Wanda ya manta, sai ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata, ɗaki ya zama daki.

A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da zubin haruffa masu ƙugiya, waɗanda aka sani da Rabiat da Abdalla, suka zama abin dogaro ga marubuta da maɗaba'u da ɗalibai. Dabarar irin wannan zubi ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta buƙata a ɗora mata sabuwar fuska. Wasu sun ari q da x da v, wasu sun ari alamomin baka da makamantansu. A fuska mutum yana ganin ƙasa da ɗaya da ɓarawo, amma a cikin ƙwaƙwalwar na'ura abin da ke ajiye shi ne qasa da xaya da varawo. Muddin zubin yana cikin kwamfutar, komai lafiya. Ranar da aka buɗe rubutun a wata na'urar da ba ta da shi, sai asiri ya tonu. Duk ɗalibin da ya taɓa sauko da wani kundi daga intanet ya ga ƙungiya ta koma qungiya, ya ga wannan matsala da idonsa.

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafin Hausa lambarsa ta dindindin, kuma yau wayar hannu tana rubuta su ba wahala. Sai dai rubuce-rubucen da aka yi kafin ya yaɗu suna nan a tsohon tsari, a cikin fulofi da faifai da tsofaffin akwatunan kwamfuta da ke jibge a sito. Fulofi ba ya jure zafi da ƙura da daɗewa, kuma na'urar karanta shi ta yi wuyar samu.

7.0 Dawowar Tsofaffin Na'urori

Masu begen gem a ƙasashen waje sun daɗe da ɗaukar mataki. A 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara manhajar MAME, wadda ke sa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwar na'ura har wasanninta su hau. Irin wannan manhajar kwaikwayo ce ke cikin 'yan na'urorin da ake sayarwa a kasuwanninmu. Da kamfanoni suka ga akwai ciniki, sai suka shigo. Nintendo ya fito da ƙaramar NES mai wasa 30 a 2016. A 2017 aka sake fito da Nokia 3310 da macijinta. A 2018 aka sami ƙaramar Commodore 64 mai wasa 64, wadda kibod ɗinta na ado ne kawai, ba ya dannuwa. Ƙaramar Mega Drive mai wasa 42 ta zo a 2019, sabuwar Spectrum kuma a 2024. Duk da wannan ƙoƙari, wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa.

Kwaikwayo ba ya taɓa cika. Misali, bindigar harbin agwagwa ba ta aiki da talabijin mai shafaffen allo na yanzu, domin ta dogara ne da yadda tsohuwar talabijin mai ƙeya ke haska hoto. Idan har ƙarfe da waya sun gagara dawowa yadda suke, ina ga zancen baka? Na zauna da yaran gidanmu suna buga Contra a sabuwar na'ura, ban ji hannu ko rai ko akta a bakinsu ba, da Ingilishi suke kiran komai. Wannan ba abin mamaki ba ne a Abuja, inda makaranta da maƙwabta da waya duk suke jan yaro zuwa Ingilishi, kuma bencin da ke haɗa yara goma a gaban talabijin ɗaya ya ragu, kowa da wayarsa.

8.0 Aikin da Ke Gaban Ɗalibi

Wani zai ce waɗannan ai sara ce ta yara, ba ta kai a ɓata mata tawada ba. Amsata ita ce, kalmomin da muke alfahari da su a ƙamus yau, irin su sukudireba da makaniki, su ma a bakin leburori da 'yan kamasho suka fara. Wanda ya rubuta su a lokacin shi ya ba mu tarihinsu. Saboda haka ina ba 'yan uwana ɗalibai shawarar ayyuka uku, waɗanda kowannensu zai iya zama jinga ko ma kundin kammala karatu.

Na farko, tattara kalmomi. A nemi mutane iri uku: waɗanda suka riƙe gidan gem ko kafe, da waɗanda suka yi aikin buga rubutu a bizines santa, da waɗanda suka yi yarinta tsakanin 1990 da 2005. A nemi izininsu a naɗi hirar. Kada a tambaye su fassarar kalmar Ingilishi, domin hakan zai sa su ƙago amsa. A ce su ba da labarin yadda ake yini a shagon, kalmomin za su fito da kansu. Ga kowace kalma a rubuta furucinta da karin sauti da tsawon wasali, da jinsinta, da jam'inta, da jimlar da aka ji ta a ciki, da unguwa da shekarar da mai maganar ya ce an yi amfani da ita.

Na biyu, kwatance. A ɗauki abin da aka samu a Nyanya ko Kubwa a gwada da na Kano ko Zariya ko Sakkwato, a ga inda Burokin ya yi tasiri a Hausar Abuja. Sannan a duba faifai da allo da linzami da hannu a ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, a bi sawun yadda ma'anarsu ta yi ta faɗaɗa.

Na uku, ceto rubutu. Duk wanda ke da tsohon fulofi ko faifai mai ɗauke da rubutun Hausa, na malaminsa ne ko na mahaifinsa, ya yi ƙoƙarin kwafe shi tun bai mutu ba. Bayan an kwafe, a yi amfani da umarnin nema da musanyawa a mayar da q zuwa ƙ, x zuwa ɗ, v zuwa ɓ, manya da ƙanana. A yi hattara da sunayen Turawa da kalmomin Ingilishi da ke cikin rubutun, domin in aka musanya gaba ɗaya ido rufe, sunan Vischer zai koma Ɓischer. A ajiye kwafin asali daban kafin a taɓa komai.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa begen tsofaffin kwamfutoci da gem ya iso Abuja, kuma kasuwa ta amsa shi da na'urorin kwaikwayo. Mun ga yadda Hausa ta tarbi waɗannan na'urori ta hanyar aro da faɗaɗa ma'ana da ƙirƙira, da yadda rashin haruffa masu ƙugiya ya bar mana tarin rubutu a tsarin da ke neman ɓacewa. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma kuma su ne suka ce waiwaye adon tafiya. Waiwayen ɗalibin harshe da biro da takarda ake yin sa. Mutanen da suka san waɗannan kalmomi suna nan da ransu a ofisoshi da kasuwanni da tashoshin Abuja, kuma a shirye suke su yi hira, domin babu mai ƙin a tambaye shi labarin ƙuruciyarsa. Hutun ƙarshen zango ya isa mutum ya cika ƙaramin littafi. Allah ya ba mu ikon yi, amin.